Bas maras firet: tsirkiya mai sulɓi ko mai kaushi?

Ɗan Yelwa, Garwa:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawarar manya nake nema. Wani yayana da ke Duwala ya aiko min da bas, wato gita mai kaurin murya, ta hannu, mai tsirkiya huɗu, irin wadda ba ta da firet (ƙananan ƙarafan nan da ake kafawa a gicciye a wuyan gita) ko ɗaya, sai fararen layuka a wuya da ke nuna gurbinsu. Allon wuyan jan katako ne mai duhu, ba a shafa masa komai ba. Ta zo da tsirkiya mai kaushi, kuma da na ɗaga su na leƙa sai na ga zane-zane a jikin katakon, musamman ƙarƙashin ta biyu da ta uku, daga gurbi na biyar zuwa na tara. Tsirkiyoyin sun mutu murus, dole a canza. Wasu sun ce in sa mai sulɓi kada in kashe allon, wasu kuma sun ce mai sulɓi ta tsofaffi ce, ba ta da murya. Kuɗin saiti ɗaya ne a hannuna, kuma sai an sayo min daga kudu. Wacce zan saya?

Kawu Mai Bas, Ngaundere:
Wa alaikumus salam ɗana. Wa ya ce maka ta tsofaffi ce? Turo min shi. Sa mai sulɓi ka huta. Bas ɗin lantarki da ita aka haife ta. Lokacin da kamfanin Fender ya fitar da bas ƙirar Precision a 1951, da Jazz Bass a 1960, mai sulɓi ce a kansu. James Jamerson, wanda ya kaɗa yawancin waƙoƙin kamfanin faifai na Motown da duniya ke rawa da su har gobe, tsirkiyar La Bella mai sulɓi yake sawa, kuma ba ya canzawa sai ta tsinke. To shi ma ba shi da murya ke nan? Ni saitin da ke kan tawa ya girmi autana, kuma kullum ƙara daɗi yake.

Injiniya, Marwa:
Kawu, Allah ya ja da ranka, amma bas ɗin Jamerson tana da firet. Yaron nan kan maras firet yake tambaya. Shi kuwa sautin da ya sa mutane suka haukace a kan maras firet, wannan kukan da nota ke yi bayan an taɓa ta, ta kumbura ta ce "mwaa", makaɗin bas Jaco Pastorius ne ya shahara da shi, kuma da mai kaushi ya yi shi. Jazz Bass ce ƙirar 1962, ya cire mata firet, ya cike ramukan, ya sa tsirkiyar Rotosound. Duk wanda ya saurari faifansa na 1976 ya san abin da nake nufi. Ita wannan tsirkiyar ma ai don neman haske aka ƙera ta, a Ingila a 1966, tare da John Entwistle na ƙungiyar The Who, wanda ya gaji da bas mai bushi-bushi yana son ta riƙa amo kamar piyano.

Kawu Mai Bas:
Ka faɗi rabi ka bar rabi. Me ya shafa wa allon kafin ya sa ta?

Injiniya:
Efoksi, gam ɗin nan mai bushewa da tauri, irin na jiragen ruwa, shafi a kan shafi. Ban ɓoye ba Kawu, ina zuwa wajen.

Kawu Mai Bas:
Yauwa. Shi da kansa ya san mai kaushi cin katako take. Ɗan Yelwa ya ce nasa allon tsirara yake.

Sarkin Surutu:
An fara. Ku jira ni in sayo gyaɗa.

Mai Gyara, Injamena:
Salamu alaikum. Tun da sana'ata ce bari in ɗan tsawaita, ku yi haƙuri. Duka biyun cikinsu ɗaya ne: waya ce ta ƙarfe a tsakiya, sai a naɗa mata wata a kai. In wayar da aka naɗa zagayayya ce, sai jikin tsirkiyar ya fito tudu da kwari, ita ce mai kaushi. In kuwa an naɗa faffaɗan zare na ƙarfe ne gefe na manne da gefe, aka goge, ita ce mai sulɓi. Daga nan duk bambancin ya taso. Mai kaushi ta fi lanƙwasuwa, don haka tana kaɗawa a sake, tana fitar da siraran muryoyi na sama, kuma notar tana daɗewa kafin ta mutu. Mai sulɓi ta fi tauri, muryoyin sama suna saurin ɓacewa, sai ka ji gindin notar da bugun farko, dum, sannan ta kwanta.

Game da cin allo kuwa, gaskiya ne tana ci, amma mutane na zuzuta abin. Yawancin abin da ake kawo min ana kuka, zane ne kawai a fuskar katako, ido ke gani, kunne ba ya ji. Ɗan Yelwa, ga gwaji: sassauta tsirkiya, ka ja farcenka a gicciye kan wurin. In farce ya wuce sumul, manta da shi. In ya maƙale a rami, ko kuma akwai wata nota guda da take zuza ko take shaƙewa alhali maƙwabtanta lafiya, to allon na son a daidaita shi. Ana bin sa da sanfefa a kan katakon da aka sassaƙa daidai da lanƙwasar allon, a cire ɗan abin da bai kai kaurin takarda ba. Allo ɗaya zai ɗauki irin wannan gyara sau da yawa kafin ya ƙare.

Kuma ba tsirkiya kaɗai ke da laifi ba, hannu ma yana da nasa. Wanda ya saba da mai firet yakan girgiza nota ta hanyar jan tsirkiya sama da ƙasa, a gicciye. A kan maras firet wannan zarto ne kake yi wa katako. Girgiza ana yin ta ne a tsawon tsirkiya, yatsa na gangarawa gaba da baya, yadda masu kontirabas da biyolo, wato babba da ƙaramin gogen Turawa, ke yi. Sai kuma masu danna tsirkiya kamar suna bin ta bashi. Sassauta hannu, ka ƙara ampli, na'urar ƙara sauti.

Ɗan Yelwa:
Na gode Malam. Na gwada yanzu, farce yana ɗan jin wurin amma bai maƙale ba. Nota kuma babu wadda ta shaƙe.

Mai Gyara:
To allonka lafiya lau. Jan katakon nan da ka faɗa ya fi baƙin katako laushi, shi ya sa zanen ya fito da wuri. Da eboni ne da ba ka ga komai ba tukuna. Abin dariya ma, ebonin da manyan kamfanonin gita ke yin allo da shi, mai yawa daga dazukan kudancin ƙasarku Kamaru yake fita. Kamfanin Taylor na Amurka tun 2011 yake da hannun jari a masana'antar yankan eboni ta Crelicam a Yawunde. Dangin kanyarmu ne ma itacen.

Sarkin Surutu:
Wato katakonmu ya je Amurka ya dawo ya fi ƙarfin aljihunmu. Madalla.

Injiniya:
Kun ji ko? Allo ba ƙwai ba ne. Wanda ya ƙi sa tsirkiyar da kunnensa ke so don tsoron zane, daidai yake da wanda ya sayi babur ya jingine a zaure don kada taya ta cinye.

Ga hujjata ta aiki, ba ta tarihi ba. Ni nake zama gaban na'ura ina haɗa sauti. Waƙar da muka yi a situdiyo, a ina ake jin ta? A waya. A ƙaramar sifika ta Bluetooth da ke rataye a shagon mai shayi. Waɗannan ba sa fitar da gindin bas ko kaɗan. Buɗaɗɗiyar tsirkiya ta huɗu tana kaɗawa wajen sau 41 a daƙiƙa, sifikar waya kuwa ba ta ma san da wannan ba. Abin da ke sa kunne ya gane akwai bas a waƙar shi ne muryoyin sama da ke tafe da notar. Mai kaushi tana ba ni su a wadace. In sun yi yawa in rage da maɓalli ɗaya. Amma in aka kawo min bas da tsohuwar mai sulɓi, abin da babu shi ba zan ƙirƙiro shi ba, sai in yi ta murɗa na'ura ina tara hayaniya.

Kawu Mai Bas:
Kai a ɗaki mai sanyi kake aiki. Fito filin biki a Garwa cikin watan Afrilu, zafi ya haura 40, gumi na zuba daga gwiwar hannu har yatsa, ƙura na tashi daga ƙafar masu rawa. Duk wannan ina yake shiga? Cikin kwarin mai kaushi. Hasken da kake yabo kafin damina ta sauka ya tafi, ka koma da tsirkiyar da ba ta da hasken mai kaushi, ba ta da nauyin mai sulɓi, ga cin yatsa. Yaro ya ce kuɗin saiti ɗaya gare shi. Mai sulɓi ta fi tsada a saye, na yarda, amma sau ɗaya ne. Ka goge da tsumma ka rataye. Araha ba ta ado.

Injiniya:
Wannan kam ka taɓo gaskiya, ba zan musa ba. Gumi shi ne ajalinta.

Baban Ilham, Kuseri:
Ai shi ya sa Etienne Mbappé yake kaɗawa da baƙar safar hannu ta siliki. Ku duba bidiyonsa tare da John McLaughlin. Mu da ba mu da safa, ni dai nakan cire tsirkiyoyin in jiƙa su cikin alkol na kemis dare ɗaya, in shanya, su dawo da rabin ransu. Wasu tafasawa suke yi a tukunya, amma ruwa na kawo tsatsa a ciki.

Sarkin Surutu:
Ka gwada sa baƙar safa a bikin Garwa ka ga ko uwar amarya ba ta kira maka jandarma ba.

Maman Zara, Garwa:
Ku bar ni in sa baki, ni da nake tsaye gaban mai bas da makirfo a hannu. Ni ba ruwana da sunan tsirkiya. Abin da na sani, in mai bas maras firet ya kauce wa nota ko da kaɗan ne, ni ce nake jin kunya, don jama'a za su ɗauka muryata ce ta karkace. Kuma na lura, mai kaushin nan ba ta rufa asiri. Kuskure kaɗan sai ya fito fili, ga kuma ƙarar yatsa, ƙiii, duk lokacin da aka ja hannu. Ɗan Yelwa ƙanena ne a harkar nan, na san hannunsa a mai firet, yana da kyau. Amma maras firet sabon karatu ne. Ni da zai ji tawa, ya fara da wadda za ta rufa mana asiri mu duka.

Injiniya:
Hajiya, ni kuma a nan ne nake ganin akasin haka. Wadda ke tona asirin ita ce ke koyarwa. In yana jin kuskurensa ƙarara zai gyara da wuri. In tsirkiya na ɓoye masa, sai ya shekara yana kaɗa nota a karkace bai sani ba, ranar da ya shigo situdiyo a sa shi kusa da piyano, sai rigima.

Maman Zara:
To ya koya a ɗakinsa da mai tona asiri, ya zo wurin aiki da mai rufawa.

Ɗan Yelwa:
Yaya, bas ɗin ɗaya ce fa.

Jikan Mai Goge, Marwa:
Ni abin da ke ba ni mamaki, yadda ake maganar maras firet kamar wani abu ne da ya sauko daga Turai. Goge yana da firet? Kukuma fa? Garaya, gurmi, molo, wanne ne a cikinsu aka yi wa ƙarfe a wuya? Kakana bai taɓa ganin layi a jikin gogensa ba, kunne ne ke kai yatsa gurbi. Kuma waƙoƙinmu, na Hausa da na Fulani, akwai wuraren da murya ke zamewa tsakanin nota da nota, inda piyano ba shi da maɓalli. Mai firet dole ya zaɓi ɗaya, maras firet kuwa yana bin mawaƙi har can. To in don wannan zamiyar ka karɓi bas ɗin, tambayar ita ce wace tsirkiya ce yatsa ya fi zamewa a kai ba tare da ƙara ba. Ni na taɓa duka biyun a hannun abokai, mai sulɓi ta fi kusa da abin da kunnena ya tashi da shi.

Injiniya:
Magana mai kyau, amma ka tuna goge ba shiru yake ba. Izgar nan tana da ƙaiƙayi a murya, tana da yashi-yashi. Wannan yashin, a bas, tsirkiya mai kaushi ce ke ba da shi.

Jikan Mai Goge:
Ka kawo ni inda ba ni da amsa. Sai na sake saurare.

Baban Ilham:
Ni dai na san 'yan kudu ba su bar mana wurin tsayawa ba a harkar bas. Jean Dikoto Mandengue, Vicky Edimo, Aladji Touré, Armand Sabal-Lecco da ya yi aiki da Paul Simon, ga Richard Bona, haifaffen Minta a 1967, wanda shi da bakinsa ya ce faifan Jaco da ya ji a wani kulob a Duwala ne ya sa ya koma bas. Kiɗan makosa da bikutsi na kudu suna son bas mai cizo, mai gudu, kowace nota a rarrabe. In Ɗan Yelwa zai riƙa kaɗa irin waɗannan a kabare, wato gidan rawa, mai sulɓi za ta ba shi wahala, musamman in ana son ya ɗan mari tsirkiya da babban yatsa.

Mai Gyara:
Mari a kan allo maras shafi, da mai kaushi? Wannan kam ko ni sai na ce a'a. Ƙarshen allon ne zai fara faffashewa.

Bari in ƙara abu biyu da ba a taɓo ba. Na farko, kukan "mwaa" ɗin nan ba daga tsirkiya kaɗai yake ba. Yana fitowa ne in tsirkiya tana ɗan shafar allo a gaban yatsa lokacin da take kaɗawa. Sai wuya ya kusa miƙewa sak, jaki, wato abin da tsirkiya ke hawa a jikin bas, ya sauka ƙasa, sannan ka kaɗa kusa da ƙarshen wuya da tsokar yatsa. In aka saita haka, mai sulɓi ma tana kuka, sai dai nata mai duhu ne, gajere, ya fi kama da na kontirabas. In kuwa tsirkiya ta yi sama da yawa, ko wacce iri ka sa ba za ka ji komai ba. Mutane da yawa suna canza tsirkiya alhali saiti ne matsalarsu.

Na biyu, zaɓin ba biyu ba ne kawai. A cikin masu kaushin ma akwai ta farin ƙarfe zalla, akwai mai rufin nikel. Ta nikel ta fi taushi a yatsa da allo. Akwai kuma na tsakiya: D'Addario suna da wadda aka naɗa zagayayya sannan aka goge tudun, GHS suna da wadda aka matse wayar ta zama kamar ƙwai kafin a naɗa. Akwai mai rigar baƙin nailan, wadda ba ta taɓa katako da ƙarfe sam. A cikin masu sulɓi kuma, Chromes na D'Addario suna da haske fiye da yadda ake zato, Thomastik na Ostiriya kuma laushi gare su kamar ba mai sulɓi ba, sai dai kuɗinsu ba na wasa ba ne.

Ɗan Yelwa:
Malam ka ƙara rikita ni. Da biyu nake fama, yanzu sun zama shida.

Mai Gyara:
Kada ka damu, mai sayo maka zai rage maka su. Abin da ya samu a shagon Duwala shi ne zaɓinka na gaskiya. Ka dai ce masa ya kula da jabu, suna yawo da kwali mai kyau. In farashin ya yi daɗi fiye da kima, ya ajiye.

Kawu Mai Bas:
Kuma duk wadda ka sa, ka lura da wuya. Yawancin masu sulɓi sun fi jan wuya, sai ka ga ya ɗan rusuna, dole a ɗaure ƙarfen da ke cikin wuyan kaɗan. Rubu'in juyi, ka bari ya kwana, ka sake dubawa. Ga shi bas ɗin daga Duwala ta fito, garin da iska ma jiƙe take, ta faɗo Garwa. Bari hunturu ya shigo a Disamba ka ga yadda katako ke motsi. Kada ka jingine ta a bango inda rana ke bugawa, kada ka bar ta a but ɗin mota. Allon kuma ka ɗan shafa masa mai na katako sau ɗaya kafin iskar ta tsananta, ɗigo kaɗan, ka goge.

Sarkin Surutu:
Man gyaɗa zai yi?

Mai Gyara:
Zai yi wari, ya kira kyankyaso. Kada ka fara.

Ɗan Yelwa:
To batun efoksin fa? In na shafa kamar yadda Jaco ya yi ai shi ke nan, sai in sa mai kaushi hankali kwance.

Mai Gyara:
Ba aikin gwaji ba ne a kan bas ɗinka tilo. Jan katakon nan yana da maiƙo, in ba a wanke shi da kyau ba shafin ɓarewa yake. Ga ƙurarmu, kafin ya bushe ta zauna a kai. Bayan ya bushe kuma sai an sake daidaita fuskar gaba ɗaya an goge ta har ta yi ƙyalli, in an kuskure kaɗan wasu notoci su mutu. Sannan sautin yana canzawa, ya ƙara kaifi, ɗumin katakon ya ragu, kuma komawa baya wahala ne. Wasu na yi da sufa gulu, shi ma hannu yake so. Ka kaɗa ta a yadda take tukuna.

Injiniya:
Na tsaya a kan bakata: mai kaushi ta nikel, mai lambar kauri 45 zuwa 100, hannu a sake, tsumma a aljihu. In allo ya yi rami bayan shekaru, ga Malam a Injamena.

Maman Zara:
Kai za ka biya masa kuɗin mota?

Ɗan Yelwa:
Gaskiya aikina yanzu kashi mafi yawa bukukuwa ne da rakiyar mawaƙa irin su Yaya, kabare sai jefi-jefi. Amma kuma kukan nan da Injiniya ke faɗa shi ne ya sa na roƙi yayana ya nemo min maras firet tun farko. Ban taɓa sa yatsa a kan mai sulɓi ba ma balle in san ko zan so ta.

Kawu Mai Bas:
To ka riƙe kuɗinka tukuna. Ina da wani tsohon saiti mai sulɓi a akwati, na cire shi daga bas ɗin da na sayar, bai mutu ba. Zan ba yaron mota ya kawo maka Garwa ranar Juma'a. Ka sa, ka yi biki biyu ko uku da shi. In ya yi maka, ka bar shi a kai, kuɗinka ka sayi kebul mai kyau. In bai yi ba, ka dawo min da abina ka bi Injiniya.

Ɗan Yelwa:
Kai, Kawu, Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma. Zan turo lambata ta gefe.

Mai Gyara:
Kafin a ba mota, ku auna. Tun da an riga an yanke shi a kan wata bas, ku tabbata tsawon ya kai. Ɗan Yelwa, auna daga jaki zuwa inda tsirkiya ke hawa kan wuya, in inci 34 ne to daidai da yawancin bas. Ka duba kuma jeren makullan kai, huɗu a gefe ɗaya ne ko biyu-biyu, don ta ɗaya da ta biyu su ne kan gaza. Kuma wurin da aka naɗe da zaren siliki shi kaɗai zai hau kan makulli. In jikin ƙarfen mai sulɓi ya naɗu a kai, buɗewa yake ya tsinke. In bas ɗinka irin wadda ake zura tsirkiya ta bayan jiki ce, kada ka bi ta nan, ka zura ta jaki.

Ɗan Yelwa:
Huɗu a gefe ɗaya ne, kuma ta jaki ake zurawa. Tef ɗin awo na wurin tela, da safe zan karɓo.

Kawu Mai Bas:
Tawa ma huɗu a gefe ɗaya ce. Zai kai.

Injiniya:
In ka sa, ka ɗauko mana sauti da waya ka turo, layi ɗaya da tsohuwar kafin ka cire, layi ɗaya da ta Kawu. Kada ka faɗa mana wacce ce wacce.

Kawu Mai Bas:
Tsohuwar da ya ce ta mutu murus? Ai ka ba ni nasara a ɓagas.

Injiniya:
Baban Ilham, turo masa bayanin jiƙon alkol ɗin nan yau, kafin Juma'a.